Hannun Baba Ne, Ba Idona Ba

'Yan uwa masu bibiyar shafin nan, yau ba hoton kaza na kawo muku ba. Na ga saƙonninku, masu tambayar me ya sa na yi shiru sati biyu, da masu tambayar ko an ɗaga bikin ne. Ku gyara zama, zan faɗa muku abin da na ɓoye shekara shida. Ni ɗin nan da kuke kira Mai Silki, wadda ake cewa tana ɗaukar tsako ɗan sati shida ta faɗi mace ce ko namiji, wallahi ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Kuma a kan wannan ƙaryar aka sa min ranar aure.

Ga wanda bai san kajin silki ba, su ne ƙananan nan masu gashi kamar auduga, fatarsu baƙa, yatsu biyar a kowace ƙafa, ga tukku a ka da yake rufe musu ido har su dinga karo da mazubin ruwa. Ba sa iya tashi sama, kuma idan ruwa ya jiƙa su sai sanyi ya kama su. Matan akwai son kwanci, ko dutse kika ajiye mata sai ta hau kai ta zauna tana harararki. Shi ya sa kowa mace yake nema: ba ta cara ta tashi maƙwabta, kuma za ta ƙyanƙyashe miki ƙwan kowace irin kaza. Matsalar ita ce, suna ƙanana duk kamarsu ɗaya. Sai sun kai wata huɗu ko biyar namijin yake fitar da wasu dogayen gashi a bayan tukkunsa, zankonsa, wato naman nan na saman baki, ya faɗaɗa ya yamutse kamar busasshen dabino, ita kuma macen tukkunta ya zauna a dunƙule. Kafin nan kin yi wata huɗu kina ciyar da zakaru kina kiransu 'yan matana.

Babana ne ya shigo da su gidanmu tun ina sakandare, ya kewaye gefen tsakar gida da waya ya yi musu akurki. Mai gyaran agogo ne, duk rayuwarsa da ƙarshen yatsa ya ci abinci. Da ya gaji da ciyar da zakarun banza, sai ya koma lalube. Zai ɗora tsako a tafinsa, ya rufe ido, ya zura babban yatsa ƙarƙashin tukkun ya shafa inda zankon zai fito, ya gangaro wuya, ya murza ƙafa, sannan ya faɗa. A cikin ashirin bai fi ya kuskure ɗaya ko biyu ba. Masu kiwo suka ji labari, suka fara zuwa da kwalayensu.

Sai ciwon ya zo. Ranar wata Talata ya faɗi a shago, aka dawo mana da shi bayan kwana goma sha ɗaya a asibiti, ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Ya juya wa duniya baya, ko abinci sai Umma ta yi da gaske yake karɓa. Ba ya son kowa ya gan shi, saboda yawun da yake zubo masa ta gefen baki.

A sati na uku wani mai kiwo da bai ji labari ba ya yi sallama da kwalin tsaki goma. Kunya ta hana ni korarsa, na ce ya bari ya dawo gobe, da niyyar in ba shi haƙuri. Da yamma na shiga da kwalin ɗakin Baba, don kawai ya ji kukansu ko zai motsa. Ya kuwa miƙo hannun hagu, na ɗora masa ɗaya. Ya daɗe yana shafawa, don ba da wannan hannun ya saba ba, sannan ya ajiye, ya kamo wuyan hannuna ya ƙwanƙwasa da yatsa sau ɗaya. Na ce, "Mace?" Ya lumshe ido. Na biyun ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ranar ya ci abinci har da ƙari, ni kuma na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Washegari mutumin ya karɓi kwalinsa yana jinjina kai. "Ashe 'yar ta gaji uban."

Na buɗe baki zan gyara masa, sai muryar Umma daga bayan labule: "Ai ta ma fi shi, malam."

Daga nan aka fara. Umma ta ce babu mai yarda da hannun mutumin da ba ya iya riƙe cokali, kuma idan mutane suka sani za su ce sai sun shiga sun gani da idonsu, Baba kuwa ba zai jure ba. Ta wani ɓangaren gaskiyarta ce. Na ƙirƙiro doka: duk wanda ya kawo tsaki sai ya bar su sun kwana, wai sai sun natsu nake gane su. Bayan la'asar in shiga ɗakin Baba, in zauna a bakin katifarsa da dunƙulen zare biyu a cinya. Idan ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, in ɗaura farin zare a ƙafar tsakon. Idan sau biyu ne, in ɗaura baƙi.

Kar ku tambaye ni me ya sa ban koya ba, na riga ku tambayar kaina. Shekara shida ina miƙa masa wuyan hannu, ɗayan hannun yana kan waya ina amsa muku da "Allah ya bar zumunci". Ban taɓa sa yatsana inda yake sa nasa ba. Gani nake kullum yana nan, kuma yabon ya yi min daɗi, ba zan ɓoye ba.

Bara war haka Manaja ya zo. Manaja ne a wani kamfanin sayar da abincin kaji, shi ya sa kowa yake kiransa haka, har Umma. Dogo ne mai ɗan saje, farar rigarsa ta sha guga, agogon azurfa a hannu, ga turaren da ya danne warin akurkinmu, abin da babu turaren da ya taɓa yi. Tsaki takwas ya kawo. Bayan wata uku saƙonsa ya shigo wayata:

"Takwas cikin takwas. Wace irin baiwa Allah ya yi miki haka?"

Na tura masa fuskar murmushi. Ya ce ko zai iya zuwa ya yi godiya da baki? Ya zo ranar Asabar, ya sake zuwa ranar Laraba, daga nan kujerar robar tsakar gidanmu ta zama tasa.

Zan yi masa adalci, ya iya kula da mutum. Idan na ce kaina yana ciwo, kafin awa guda magani ya iso. Shi ne namiji na farko da ya ga kashin kaza a farcena bai kawar da kai ba. Na so shi, 'yan uwa, so mai tsanani, irin wanda za ki karanta saƙo ɗaya sau goma kina murmushi ke kaɗai. Amma ko a lokacin akwai abin da yake ɗan sukata. Duk hirar da muka fara, a kaji take ƙarewa.

"Kin ci abinci kuwa? Af, wai a sati biyar ma kina iya ganewa?"

"Jiya na yi mafarkinki. Muna tsaye a gonarmu, an yi layi da kwalaye har titi."

Ya sayi fili a bayan gari, ya gina akurki na zamani, ya ce da zarar an ɗaura aure zai ajiye aikin kamfani. Duk garin babu mai sayar da 'yan silki mata zalla tun suna ƙanana, mu za mu fara. Idan yana wannan maganar idonsa har ƙyalli yake yi, ni kuma in ce wa kaina ai namiji mai buri ake so.

Ranar da aka sa rana na sami Umma a kicin tana yanka albasa.

"Umma, zan faɗa masa."

Ba ta ɗago ba. "Faɗa masa me?"

"Maganar Baba."

Ta ajiye wuƙar a hankali. "Shekararki nawa?"

"Umma..."

"Na ce shekararki nawa? Ashirin da tara. Ƙannenki biyu kowace da goyo. Duk wanda ya zo wurinki warin kaji ya kore shi. Wannan warin ne ma ya kawo shi, shi ne za ki kore shi da bakinki? Ki bari a ɗaura. Bayan aure namiji yana haɗiye abin da ya fi wannan."

"In ya ce in yi a gabansa fa?"

"Ki ce sai sun kwana. Shekara shida kina faɗa, yau ne bakinki zai yi nauyi?"

Na fita ina share ido, na ce wa kaina albasa ce.

Saura wata uku biki ya ce zai kai ni in ga gonar, tare da Yayarsa. Ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, malamar asibiti ce, ba ta dariya sai da dalili. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai duwatsu a wuya, da baƙin mayafi, da takalmi mai tsini da na aro a wurin ƙanwata. Yaya ta zauna a gaba, jakarta a ƙirji, ta amsa gaisuwata ta madubi.

Gonar ta yi kyau, ba ƙarya. An zuba dusar katako a ƙasa, ga mazuban ruwa masu cika kansu, ga injin ƙyanƙyasa yana ƙugi a lungu. Ina cikin yabawa takalmina yana nutsewa, sai na hangi tebur a tsakiya. An shimfiɗa masa farin ƙyalle, an ajiye kujera ɗaya, kwalaye uku, da dunƙulen zare biyu, fari da baƙi. Na tsaya cak.

"Sittin ne," in ji Manaja yana murmushi. "'Yan sati bakwai. Wata mai gidan saukar baƙi ce take son mata ta zuba a lambunta. Ta ce ko zakara ɗaya ba ta so, baƙinta barci suke zuwa yi. Anjima direbanta zai zo. Na ce bari Yaya ta gani da idonta, ta daina cewa ina zuzuta ki."

"Ai... sai sun kwana," na ce. Muryar ma kamar ba tawa ba.

"Sun kwana mana. A nan aka ƙyanƙyashe su, sati bakwai suna kwana." Ya yi dariya.

"Ina nufin a gidanmu. Na fi sabawa da hasken can."

Yaya ta sauke tabarau ta yi min kallon hadarin kaji, ni da nake kiwonsu. "To in an yi auren fa? Kullum sai an kwashi kaji an kai gidanku? Ko baiwar a jikin bangon gidan take?"

Wallahi a nan ya kamata in faɗa. Maganar ta zo har bakina. Sai na dubi Manaja, na ga yadda yake alfahari da ni a gaban Yayarsa, na tuna maganar Umma, na ja kujera na zauna.

Na ɗauki na farko. Ɗumi gare shi, zuciyarsa tana bugawa a tafina. Na rufe ido yadda Baba yake yi, na zura yatsa ƙarƙashin tukkun. Ban ji komai ba sai laushi. Na biyu ma laushi. Na tsinci kaina ina jiran a ƙwanƙwasa min wuyan hannu. Da na ga shirun ya yi yawa, sai na yi abin da duk jahilin mai kiwo yake yi: waɗanda suka fi girma da tsiwa, masu kai min sara, na ɗaura musu baƙi, ƙananan masu lafewa na ɗaura musu fari. Har na daidaita su talatin da talatin, kamar dai ƙwai yana bin lissafi. Gumi ya jiƙa min mayafi. Manaja yana tsaye yana ɗaukata bidiyo, wasunku sun gani a shafinsa, har kuka rubuta "Masha Allah".

"Masu baƙin zaren fa?" na tambaye shi muna fita.

"Akwai mai gidan abincin da yake son baƙin namansu, shi zai ƙarasa kiwonsu ya yanka. Ba zan ɓata abinci a kan zakaru ba."

Sati goma na yi ban san ɗanɗanon abinci ba. Na rame har tela ta rage min kayan biki sau biyu, Umma tana gaya mata wai zumuɗi ne. Shi kuwa Manaja kullum sai ya turo hoto: labulen ɗakinmu, kujerun da ya zaɓa, allon da zai kafa a ƙofar gona da sunan Mai Silki a jiki. "Uwar gona, ya ya kika gani?" In rubuta "Ya yi kyau", in kifa wayar.

A akurkinmu akwai wata ƙatuwa mai tsiwa, sa'ar tsakin gonar ce, ta fi kowa sara, amma Baba fari ya ba ta. Ina kallonta tana girma, tukkunta a dunƙule, mace sosai. Duk safiyar da na gan ta sai in kawar da kai, don irinta na dinga ɗaura wa baƙi a gona. Ban faɗa wa Baba komai ba, amma mutumin da ba ya magana babu abin da ba ya gani, kullum na shiga sai ya bi ni da ido. Shi ma jikin ya ƙara sanyi a lokacin. Hannun hagun ya fara rawa, wani lokacin sai ya shafa tsako sau uku kafin ya ƙwanƙwasa.

Ranar Litinin, sati biyu da suka wuce, ina zuba wa kaji abincin safe, saƙon murya ya shigo daga Manaja. Na kara a kunne. Babu magana a ciki. Cara ce, irin ta samarin zakaru masu koyo, a shaƙe, wannan ya yi wancan ya karɓa, har sakan arba'in. Sai rubutu ya biyo baya:

"Goma sha huɗu cikin talatin. Mai gidan baƙin ta dawo min da su duka, ta kira ni mayaudari a gaban ma'aikatana. Fito, ina waje."

Na ajiye kwanon abincin kajin. Zakaru goma sha huɗu da farin zare, ke nan Allah kaɗai ya san mata nawa na tura wa wuƙa da baƙi.

Na fita da hijabi da silifa. Yana cikin mota, gilasai a rufe, bai ko dube ni ba.

"Kuskure ɗaya ko biyu na sani. Goma sha huɗu ba kuskure ba ne, ko ni da ban iya ba zan fi haka. Gaya min, da gangan kika yi? Yaya ta ce wani kike so, shi ne kika zaɓi ki kunyata ni in janye da kaina."

"Wallahi ba haka ba ne."

"To mene ne?"

Na faɗa masa. Tun daga ranar da Baba ya faɗi, har ƙwanƙwasar, har zaren. Ina magana ina kuka, majina da hawaye, babu wani kyau a ciki. Na ce na yi ƙarya, na ci amanarsa, amma son da nake masa ba ƙarya ba ne. A raina na shirya wa komai: ya daka min tsawa, ya ce na cuce shi, ya ce in fitar masa daga mota. Da ya yi haka da na ji sanyi, don wanda masoyiyarsa ta yi wa ƙarya haka yake yi.

Ya dinga buga sitiyari da yatsa. Can ya juyo, fuskarsa ta saki.

"Ke nan takwas ɗin nan nawa, Baba ne ya yi?"

"Shi ne."

"Da hannun hagu?"

"Eh."

"Ikon Allah." Ya jinjina kai. "Kuma har yanzu hannun yana aiki?"

Wannan ce tambayarsa, 'yan uwa. Bai ce me ya sa ban yarda da shi na faɗa masa tun farko ba. Bai ce na ɓata masa rai ba. Na ji tsoronsa a karo na farko.

"Yana aiki," na ce.

"To ai da sauƙi. Share hawayenki. Gobe zan zo."

Da na faɗa wa Umma, hannu ta ɗaga sama tana hamdala. "Kin gani? Mutumin kirki. Da wani ne da tuni ya aiko a fasa." Ta share ɗakin Baba, ta sauya zanin gado, ta sa masa farar riga, ta fesa turare.

"Umma, Baba ba ya son a gan shi."

"Surukinsa ne, ba bare ba. Ke dai ki tsuke min bakinki."

Washegari bayan la'asar ya zo, kwali a hannu. Ya gaida Umma da ladabi, ya wuce ni a tsakar gida da "Sannu", ya cire takalmi ya ɗaga labulen. Kusan shekara yana zuwa gidan nan, daga bayan labulen yake gaida Baba, bai taɓa cewa yana son shiga ya duba jikinsa ba.

Baba yana jingine da filo biyu. Da ya ga baƙo sai ya yi ƙoƙarin kai hannu ya goge bakinsa, hannun ya kasa isa. Na yi sauri na goge masa da gefen mayafina, na zauna inda na saba. Manaja ya durƙusa a gaban katifar.

"Baba, sannu da jiki. Ashe kai ne gwanin. Ai ba za mu bar ka a nan ba, na riga na faɗa wa Yaya. Akwai ɗaki a gonar, sai a sa maka fanka da talabijin, a dinga kawo maka su kana daga kwance. Ga goma sha biyu na zo da su, 'yan sati biyar, mu ga ko za a iya tun daga nan."

Ya ciro ɗaya, ya buɗe tafin Baba da kansa ya cusa masa. Ya danna agogon wayarsa, wai yana son ya san minti nawa kowanne yake ci.

Baba ya dubi tsakon, ya dubi wayar, ya dube ni. Bai rufe ido ba, yatsansa bai motsa ba. Tsakon ya zame ya sauka kan zanin gado yana kuka. Manaja ya mayar masa, ya sake zamewa. Sai Baba ya lalubo wuyan hannuna ya kama. Na jira. Bai ƙwanƙwasa ba, riƙewa kawai ya yi, da ƙarfin da ban san ya rage masa ba, yawu yana gangaro masa kan farar rigar. Har yau ban sani ba, ƙi ya yi ko yatsan ne ya gaza.

"Me ya ce?" in ji Manaja. "Mace ko namiji?"

Umma tana bakin ƙofa tana ƙifta min ido, tana motsa baki wai in faɗi wani abu. Zuciya ta ɗebe ni, na faɗa.

"Ya ce ka kwashe kajinka ka fitar masa daga ɗaki."

"Ke!" in ji Umma.

Manaja ya miƙe a hankali, ya karkaɗe gwiwar wandonsa. Bai yi fushi ba, shi ne ma abin da ya fi ci min rai. Ya mayar da tsakon kwali, ya leƙa ya tabbatar sun cika, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba." Umma ta bi shi har mota ba takalmi tana ba shi haƙuri.

Da ta dawo ba ta dake ni ba. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ubanki bai ce komai ba. Shekara shida bai ce komai ba. Ke kika faɗa, sai ki zauna da abin da kika faɗa." Tun ranar ba ta sake yi min magana ba sai ta dole. Kayan bikin suna nan jere a ɗakina cikin leda. Saura kwana tara, babu wanda ya ce an fasa, babu wanda ya ce ana yi.

Bayan kwana uku saƙonsa ya shigo, shi ne na ƙarshe. Na kwafo muku shi yadda yake:

"Na yi tunani, ni ba mai riƙo ba ne. Na ga jikin Baba, ba lallai ya daɗe ba, ki yi haƙuri gaskiya ce. Ki zauna ki koya a wurinsa tun yana da rai. Ranar da kika iya ki kira ni, maganarmu tana nan."

Na san abin da za ku ce, na sha ganin amsoshinku a labaran wasu: ki toshe lambarsa, ki gode wa Allah da ya nuna miki shi tun da wuri. Ni ma haka zan faɗa wa wata. Amma na ce yau ba zan ɓoye komai ba. Ban toshe ba, ban goge saƙon ba, kuma har yanzu idan wayar ta yi ƙara gabana faɗuwa yake yi. Kunyar kaina nake ji, amma ina sonsa.

Jiya da yamma na kamo tsako ɗaya daga akurkinmu, na shiga ɗakin Baba, na durƙusa na ce, "Baba, koya min."

Ya daɗe yana kallona. Na gane tambayar da take idonsa: don kaina nake son in koya, ko don in kira wancan? Na sunkuyar da kai, don ni ma ban san amsar ba. Sai ya janye hannunsa a hankali, ya tura shi ƙarƙashin bargo. Na zauna a wurin da tsakon a cinyata har aka kira magariba, bai fito da hannun ba.